Husufin da Ido Ba Ya Gani

Tun zamanin da, malaman falaki da na tauhidi suke muhawara a kan ko Allah Maɗaukakin Sarki ya halicci waɗansu duniyoyi ban da wannan tamu, har Imam Fakhruddin ar-Razi, wanda ya rasu a 1210, ya kafa hujja cewa ƙudurar Ubangiji ba ta taƙaita ga duniya guda ba. Amma hujjar hankali dabam, shaidar awo dabam. Ita kuwa ta biyun ba ta tabbata a kan tauraro irin ranarmu ba sai a 1995, sa'ad da Michel Mayor da Didier Queloz suka gano wata duniya mai kewaya tauraronta cikin kwana huɗu da 'yan sa'o'i.

A ganina, wanda ya fi cancantar ambato cikin wannan tarihi shi ne William Borucki na hukumar NASA ta Amurka. Hikimarsa ita ce, duk lokacin da wata duniya ta gitta gaban tauraronta, hasken tauraron yakan dushe kaɗan, watau ƙaramin husufi. Sai dai duniya mai girman tamu ba ta rage ko kashi ɗaya cikin 10,000 na hasken, alhali iskar da ke bisanmu, wadda ke sa taurari ƙyalƙyali, ta isa ta haɗiye irin wannan ragi, saboda haka tilas a kai madubin hangen nesa can sararin samaniya. Sau huɗu yana gabatar da shawarar ana mayar masa da ita, bai yi zuciya ba, har aka amince a 2001.

Aka harba madubin, mai suna Kepler, a watan Maris na 2009, ya ƙura wa taurari kimanin 150,000 ido shekara huɗu bai waiga ba. Da ƙafafun da ke daidaita shi suka lalace, injiniyoyi suka mai da matsin hasken rana madogararsa, ya ci gaba da aiki har mansa ya ƙare a 2018, bayan ya gano duniyoyi fiye da 2,600. Abin mamaki, irin da ya fi yawa cikinsu shi ne wanda girmansa ke tsakanin na duniyarmu da na Neftun, irin da ranarmu ba ta da ko guda.