Allo, Madarasa da Lakwal: Tarihin Karatun 'Ya'yan Zango a Adjamé da Treichville

Bromakoté unguwa ce a Adjamé, ɗaya daga cikin gundumomi goma na cikin birnin Abijan, cibiyar kasuwancin ƙasar Kwaddebuwa. Ita da wasu layukan Treichville, a ƙetaren ruwa ta kudu, suna cikin wuraren da Hausawan Nijar da Najeriya suka daɗe da zama tare da Zabarmawa, Julawa, Mosawa da Yarabawan Ejigbo. Karatun 'ya'yan waɗannan baƙi ya bi ta gidaje uku: makarantar allo, madarasa, da makarantar Faransanci wadda mutanen Nijar ke kira lakwal. Wadda uba ya zaɓa wa ɗansa a cikinsu takan nuna yadda ya ɗauki zamansa a ƙasar, ko ci-rani ne, ko kuwa zama daram.

Yadda unguwannin suka kafu

Hausawa sun san wannan yanki tun kafin zuwan Faransawa, domin fataken goro masu bin hanyar Gwanja sukan kai har Bonduku, inda suka yi unguwarsu. Abijan kuwa birni ne na zamanin mulkin mallaka. A 1904 aka fara shimfiɗa layin dogo daga can zuwa arewa. Ya kai Bouaké a 1912, Bobo-Julaso a 1934, Wagadugu a 1954. A 1934 aka mayar da fadar mulki Abijan daga Bingerville. Turawa suka keɓe wa kansu tudun Plateau, suka bar wa 'yan Afirka gefe biyu: Adjamé ta arewa, wadda asalinta ƙauyen ƙabilar Ebrié ne, da Treichville ta kudu, a tsibirin Petit-Bassam, wadda aka raɗa wa sunan Bafaranshe Treich-Laplène, aka kuma yanka ta layi-layi, kowane titi da lambarsa.

Kammala haƙa mashigin Vridi a 1950 da buɗe tashar jiragen ruwa a 1951 su suka buɗe ƙofar tururuwa. Samari daga Adar, Tawa, Maraɗi, Damagaram da bakin kogin Kwara suka riƙa sauka, suna dako a tasha, suna tallar kaya, suna sayar da katako, nama da albasar Galmi, wasu kuma suna sarin goro a Anyama. Fim ɗin da Jean Rouch ya fitar a 1958 a kan rayuwar 'yan Nijar a Treichville, wanda Oumarou Ganda ya fito a ciki lokacin yana ɗan dako, ya nuna irin wannan zama: samari gwauraye, ɗakin haya, aikin yini, da niyyar komawa gida kafin damina. Mai irin wannan zama ba ya tunanin makarantar yaro. Sai da masu gida suka kafu, suka ɗauko iyalansu, sannan maganar karatu ta taso.

Makarantar allo a gidan haya

Makarantar farko da zango ya sani ita ce ta allo. Malami yakan biyo ayarin 'yan garinsu, mai gida ya sauke shi, ya zama limamin masallacin layi, mai raɗin suna da ɗaurin aure, kuma malamin yara. Da yake gidajen Adjamé da Treichville na haya ne, ɗakuna jere kewaye da tsakar gida ɗaya, famfo da makewayi na kowa da kowa, babu zaure irin na ƙasar Hausa. Saboda haka barandar masallaci ko rumfar kwano a bakin titi ita ce makaranta. Bayan asuba yara kan zauna a tabarma, kowa da allonsa a cinya, wannan yana babbaƙu, wancan yana farfaru, na gaba da su yana biya Sabbi, muryoyinsu na gauraya da ƙarar motocin haya masu nufar tasha. Wanda ya iya darasinsa sai ya wanke allo, ya shanya a jikin bango, malam ko babban almajiri ya yi masa sabon rubutu da tawada da alƙalamin kara, bisa ruwayar Warshu kamar yadda ake yi a Kano da Damagaram.

Tsarin mako ma na gida ne: kuɗin Laraba, hutun Alhamis da Juma'a. Wanda ya kai izu sittin a yi masa sauka, a zayyana masa allo, a yanka rago, a raba abinci har ga maƙwabtan da ba Musulmi ba. Manya kan zauna da dare su ɗauki Ahalari, Ishmawi, Iziyya da Risala, a watan Mauludi kuma a yi ta Ishiriniya. Amfanin wannan makaranta bai tsaya ga karatu ba. A nan yaron da aka haifa a Abijan, wanda Julanci da Faransancin titi suka fi kama bakinsa, yake jin Hausa zalla, yake koyon durƙusa wa babba da ladabin gaisuwa. Iyaye da dama kuma sukan tura ɗa gida in ya tasa, ya yi 'yan shekaru gaban malami a Maraɗi, Zariya ko Kano, don kada ya manta tushensa.

Lakwal da zullumin iyaye

Makarantun Faransanci na farko a ƙasar sun fi yawa a kudu, a hannun gwamnatin mallaka da 'yan mishan. Musulmin arewa da baƙi suka yi baya-baya da su, suna tsoron kada yaro ya bar salla. Bayan samun 'yancin kai ranar 7 ga Agusta 1960, gwamnatin Félix Houphouët-Boigny ta zuba kaso mai tsoka na kasafin kuɗinta a ilimi. Aka kafa Jami'ar Abijan a 1964, daga 1971 kuma aka gwada koyar da 'yan firamare ta akwatin talabijin, shirin da aka daina a farkon shekarun 1980. Tsarin shi ne shekara shida a firamare a ɗauki jarrabawar CEPE, huɗu a ƙaramar sakandare a ɗauki BEPC, uku a babba a ɗauki BAC. A Adjamé akwai manyan sakandaren gwamnati, ciki har da wadda ke ɗauke da sunan Nangui Abrogoua, shugaban Ebrié na dā.

Bahaushen zango ya jima yana lissafi a kan lakwal. Aikin gwamnati, wanda shi ne babbar ribar takarda, na 'yan ƙasa ne. Rumfar katako ko teburin nama kuwa suna jiran yaro tun yana ɗan shekara goma sha biyu. Sai dai kasuwar kanta ta sauya ra'ayin mutane. Takardar haraji, rasiɗin kwastan, yarjejeniyar haya da sammacin kotu duk da Faransanci suke, kuma attajirin da ba shi da ɗa mai karanta su dole ya biya wani ya karanta masa asirinsa. Da haka aka fara raba ƙafa: yaro ya yi allo da asuba, ya sa kayan makaranta ruwan ƙasa ya tafi lakwal, ya dawo allo bayan magariba. 'Yan mata su ne suka fi jinkirin shiga, saboda talla, aikin gida da auren wuri.

Madarasa

Tsakanin allo da lakwal sai madarasa ta shigo. Ta fara bayyana a shekarun 1950, ta hannun malaman da suka yi karatu a Azhar da Hijaz, musamman a Bouaké, tare da ƙungiyar raya al'adun Musulmi da aka kafa a Dakar a 1953 wadda ta yi rassa a ƙasashen renon Faransa. Madarasa ta zo da aji, benci, allon bango, jarrabawa da nahawun Larabci, wasu kuma suka ƙara Faransanci da lissafi. Zuwanta bai rasa hayaniya ba, domin ya haɗu da gardamar ƙabalu da sadalu, wato kame hannu ko sakinsa a salla, wadda ta raba masallatai a garuruwa da dama. A Nijar, gwamnati ce ta buɗe madarasar Say a 1957, don haka takardarta tana da daraja a hukumance. A Kwaddebuwa kuwa madarasa ta daɗe a wajen tsarin ma'aikatar ilimi, alhali makarantun Katolika da na Furotesta suna samun tallafin gwamnati. Ɗalibin da ya gama madarasa sai dai ya nemi gurbi a Saudiyya, Masar, Libiya ko Jami'ar Musulunci ta Say wadda ta buɗe a 1986, in ya dawo kuma ya zama limami, ko malamin wata madarasar, ko ya koma kasuwa.

Ƙungiyar ɗalibai Musulmi

Babban sauyi ya fito ne daga ɗaliban lakwal kansu. A 1975 suka kafa Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Kwaddebuwa, AEEMCI, wadda hukuma ta yi wa rajista a 1979. Takwararta ta Najeriya, MSSN, ta riga ta da shekara ashirin da ɗaya, domin a 1954 aka kafa ta a Legas. Malamai irin su Aboubacar Fofana, Tidjane Ba da Mohamed Lamine Kaba suka tsaya wa ɗaliban, suka yi abin da ba a saba ba a lokacin: wa'azi da Faransanci. Wannan ya haɗa ɗan Bajula, ɗan Bahaushe da ɗan Bayarabe a zaure ɗaya, alhali kowannensu masallacin ubansa da harshensa daban.

Ayyukan ƙungiyar sun shiga rayuwar unguwa kai tsaye. Rassanta a makarantu suka nemi wurin salla, suka shirya lacca, darasin Larabci, bitar jarrabawa ga 'yan ajin ƙarshe, buɗa-baki na taro da raya daren Lailatul Ƙadari. A dogon hutu kuma ana tara ɗalibai maza da mata na kwanaki a wata makaranta, ana koya musu addini, magana a gaban jama'a da tafiyar da ƙungiya. Ga uban da ke tsoron lakwal, ganin ɗan sakandare yana jan salla ya fi kowace hujja ƙarfi, kuma da yawa sun saki 'ya'yansu mata ne bayan sun ga ɗalibai masu lulluɓi a aji. Tsofaffin 'yan wannan ƙungiya suna cikin waɗanda suka tafiyar da manyan cibiyoyin da suka biyo baya: majalisar limamai ta COSIM, Majalisar Musulunci ta Ƙasa da aka kafa a Janairun 1993 ƙarƙashin Idriss Koudouss Koné, da gidan rediyon Al Bayane da ya fara watsa shiri a 2001.

Ƙwallo, hutu da garba

Rayuwar ɗalibi ba ta tsaya ga aji da masallaci ba. Hukumar wasannin makarantu, OISSU, tana shirya gasa tsakanin makarantu, a unguwa kuma akwai marakana, ƙwallon mutum shida-shida mai ƙananan raga, wadda ake bugawa ko a kan titi. A dogon hutu gidan talabijin na ƙasa ya shahara da gasar rawa da wasan kwaikwayo ta matasa, irin su Variétoscope da Wozo Vacances, inda unguwa ke karawa da unguwa. A irin waɗannan wurare ne 'ya'yan zango suka koyi Nushi, yaren samarin Abijan.

Zango ma ya ba ɗalibai tasa gudummawar. Garba, wato acheke na rogo da soyayyen kifin tuna, abinci ne da aka san 'yan Nijar da sayarwa, sunansa ma na Hausa ne. Mai garba yakan ɗebi acheke a faranti, ya ɗora yankan kifi, ya watsa yankakken barkono da albasa, ya marmasa dunƙulen ɗanɗano, ya kwarara man suyar a kai. Arha da riƙe ciki suka sa ya zama abincin 'yan makaranta, musamman a shekarun 1990, lokacin da tattalin arziki ya taɓarɓare, aka kafa ƙungiyar ɗalibai ta FESCI a 1990, kiɗan zugulu ya fito daga ɗakunan kwanan 'yan jami'a, aka kuma karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994.

Takardu da rikici

Abin da ya fi ci wa ɗaliban zango tuwo a ƙwarya shi ne takarda. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1961 ta bar wa yaran da baƙi suka haifa a ƙasar ƙofar neman zama 'yan ƙasa, amma gyaran 1972 ya rufe ta. A farkon shekarun 1990 aka ƙaƙaba wa baƙi katin zama, wanda ba a ɗauke wa 'yan ƙasashen ƙungiyar Afirka ta Yamma, CEDEAO, ba sai a 2007. Ƙidayar 1998 ta nuna kashi 26 cikin ɗari na mazauna ƙasar baƙi ne, ciki har da 'yan Nijar sama da dubu 100 da 'yan Najeriya sama da dubu 70, da yawansu haifaffun can. Yaron da ba a yi wa takardar haihuwa ba yakan yi karatu har ajin ƙarshe na firamare, sannan ya tarar ba zai zauna jarrabawa ba sai da takardar kotu. Siyasar wariyar 'yan asali da ta kunno kai bayan rasuwar Houphouët-Boigny a 1993, yaƙin da ya ɓarke a 2002, da rikicin zaɓe na 2010 zuwa 2011 sun rufe makarantu na watanni, sun kuma sa iyalai da dama kwashe yara zuwa Nijar da Najeriya. A irin waɗannan lokuta sarakunan Hausawa, limamai da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya su ne suka riƙa haɗa kuɗin mota da na makaranta.

Haɗewar tsare-tsaren

Daga 2011 gwamnati ta fara tantance makarantun Islamiyya tana shigar da waɗanda suka cika sharaɗi cikin tsarin ƙasa, wato su koyar da manhajar gwamnati tare da Larabci da addini, ɗalibansu su zauna CEPE, BEPC da BAC. A 2015 aka kafa dokar karatu dole ga yara 'yan shekara 6 zuwa 16, a 2019 kuma aka amince da tsari na ƙasa na shigar da yaran makarantun Islamiyya, da tallafin UNICEF. Wannan ya rage tsohuwar tilas ta zaɓi tsakanin addini da takarda. Makarantar allo ba ta mutu ba, amma ga yawancin yaran Adjamé da Treichville ta koma ta asuba, ta dare da ta ranakun hutu. Matsalolin da suka rage su ne cunkoson azuzuwa, tsadar makarantu masu zaman kansu, ƙarancin malaman da suka haɗa Larabci da Faransanci, da yaran da har yanzu ba su da takardar haihuwa.