Majami'ar Waliyyi Bitrus ta Bradwell: Tarihinta da Gininta

A gabashin Ingila, cikin lardin Essex, inda kogin Blackwater ya faɗa teku, akwai wata 'yar majami'a tsaye ita kaɗai a tsakiyar gonaki. Wanda ya hango ta daga nesa sai ya zaci rumbu ne, alhali kuwa tana cikin mafiya daɗewar wuraren ibada na ƙasar.

Asalin wurin ganuwa ce ta Rumawa, mai suna Othona, wadda suka gina don tsaron gaɓar teku. Bayan mulkinsu ya gushe ganuwar ta zama kufai. A shekarar 653 Sarki Sigeberht na Essex ya nemi a aiko wa mutanensa mai wa'azin addinin Kirista, aka turo masa Cedd, wanda ya yi karatu a tsibirin Lindisfarne. Masana sun ɗora ginin majami'ar a kan shekarar 654, watau zamanin halifancin Sayyidina Usman.

Hujjojinsu biyu ne. Ta fari, malamin tarihin nan Bede, wanda ya kammala littafinsa a 731, ya ce Cedd ya kafa majami'a a wani wuri mai suna Ythancaestir. Ƙarshen sunan daga kalmar Latin ta sansanin yaƙi ya fito, farkonsa kuwa ana danganta shi da Othona. Ta biyu, ginin kansa ya yi daidai da fasalin majami'un lardin Kent na ƙarni na 7.

Magina ba su wahala wajen neman kayan aiki ba, don kuwa duwatsu da jan tubalin Rumawa suka kwaso daga kufan, suka aza ginin a kan tushen ganuwar, abin da ya sa har yau ake kiranta majami'ar kan ganuwa. Ɗaki ne guda, tsawonsa wajen ƙafa 50, faɗinsa ya ɗara ƙafa 20 kaɗan, ga bango dogo, tagogi ƙanana can sama. Da fari akwai lungu mai siffar rabin da'ira daga gabas, inda limamai ke tsayawa, da shirayi daga yamma. Duk sun rushe, sai dai alamar bakunan da aka toshe tana nan a bangon gabas.

Cedd bai daɗe ba. Annoba ta ɗauke shi a Lastingham a 664. Bede ya ce ruhubanawa wajen 30 suka taso daga Essex don su zauna kusa da kabarinsa, duk suka mutu sai yaro ɗaya.

Da zamani ya yi nisa aka daina ibada a cikinta, manoma suka mai da ita ma'ajin hatsi, suka fasa bangon kudu da na arewa don amalanke ya shiga. Tabon yana nan, ko da yake an toshe. Lalle sun yi ɓarna, amma kuma saboda hatsinsu ne suka riƙa gyaran rufi, ginin da aka bar shi ba rufi kuwa damina ke cinye shi, maƙwabta su kwashe duwatsun. A 1920 aka gyara ta, aka mayar da ita wurin ibada, aikin da aka gina ta dominsa tun shekara 1,266 kafin nan.