Ma'aunin Inganci da Kare Lafiya a Ƙaramin Asibitin Haƙori: Nazari kan Yankin Pusiga da Bawku

Tsakure

Wannan maƙala ta auna dokokin da ke tafiyar da aikin haƙori a Ghana da yanayin da ƙaramin asibiti ke aiki a cikinsa a kusurwar arewa maso gabashin ƙasar. Hujjar da ta kafa ita ce, lasisi yana tabbatar da abin da sufeto ya gani ne a ranar da ya zo, alhali lafiyar majiyyaci ta rataya ne a kan tsarkake kayan aiki na kowace rana, wanda shi kuma ya dogara da ruwa da lantarki da yawan kayan.

Muhalli da doka

Gundumar Pusiga, wadda aka cire daga Bawku a 2012, tana iyaka da Togo ta Pulmakom da kuma Burkina Faso ta Kulungugu, saboda haka mai asibiti a can yana karɓar Kusasi da Mamprusi da Bisa da Hausawan zango da fataken da suka tsallako iyaka, waɗanda da yawansu ba za su dawo a sake duba su ba. Babban asibiti mafi kusa shi ne na cocin Firesbiteriyan da ke Bawku, sai na Bolgatanga, sannan asibitin koyarwa na Tamale.

Ta fuskar doka babu giɓi mai yawa. Dokar 829 ta 2011 ta kafa hukumar HeFRA mai ba cibiyoyin lafiya lasisi, Dokar 857 ta 2013 ta ɗora wa Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori rajistar ma'aikata, yayin da na'urar ɗaukar hoton haƙori ke ƙarƙashin hukumar sa ido kan nukiliya da Dokar 895 ta 2015 ta samar. Sai dai tsofaffin makarantun horar da likitocin haƙori suna Akra da Kumasi ne, kuma mafi yawan waɗanda suka kammala a kudu suke zama.

Inda haɗarin yake

Cire haƙori, wanda shi ne aikin da ya fi kawo mutane idan ciwo ya riga ya ci ƙarfinsu, aiki ne na jini. Ghana tana cikin ƙasashen da ciwon hanta nau'in B ya yi katutu, kuma sai a 2002 aka shigar da rigakafinsa cikin allurar jarirai, ma'ana akasarin manyan da ke hawa kujerar likita a yau ba su same ta a ƙuruciya ba. Ƙwayar cutar tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini, don haka ɗigon da ya maƙale a gaɓar awartakin cire haƙori ya isa ya kai ta bakin wani.

Rabe-raben da Earle Spaulding ya tsara, wanda har yau ake aiki da shi, ya kasa kayan asibiti gida uku gwargwadon inda suke taɓawa: masu ratsa nama ko ƙashi, masu taɓa fatar cikin baki kawai, da masu taɓa fatar waje. Awartaki da ƙarfen kankare dasashi suna rukunin farko, kuma ba abin da ya wadatar a kansu sai kashe dukkan ƙwayoyin cuta har da ƙwansu, wato surar da wasu ƙwayoyi ke ɗauka mai jure zafi. Tafasawa a ruwa ba ta kaiwa nan, domin ruwa ba ya wuce digiri 100 a buɗaɗɗiyar tukunya. Abin da ake buƙata shi ne tukunyar tururi mai matsi, wadda ke riƙe kaya a digiri 121 na kimanin minti 30 idan an nannaɗe su, ko a digiri 134 na 'yan mintuna.

A nan ne yanayin wuri ke shiga lissafi. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar zagaye, zagayen ya ɓaci gaba ɗaya ko da kayan sun fito da zafi, dole a faro daga farko, kuma ma'aikacin da ke da mutum goma a benci suna riƙe da kunci yana cikin jarrabawar da ba kowa ke tsallake ta ba. Ruwan rijiyar burtsatse, da gishirin ƙasa da ke cikinsa, yana toshe bututun tukunyar sannu a hankali, shi ya sa ake zuba mata tataccen ruwa. Ƙurar hunturu kuwa tana mai da kayan da aka bari a buɗaɗɗen faranti abin sake wankewa.

Daga wannan ne ake gane cewa yawan kayan aiki shi kansa ma'aunin lafiya ne, ko da yake ba kasafai ake kallonsa haka ba. Asibitin da ke da kan na'urar huda haƙori guda biyu, alhali wankewa da dafawa da hucewa suna cin kusan awa guda, ko dai ya rage yawan majiyyata ko ya koma goge na'urar da auduga da sinadari, wanda ba ya isa cikin bututunta inda yawu da jini ke komawa.

Shaida a rubuce

Launin da ke sauyawa a jikin ledar kaya yana nuna zafi ya taɓa ta ne kawai. Tabbaci na haƙiƙa shi ne gwajin da ake sa ƙwan wata ƙwaya mai jure zafi a cikin tukunyar a ga ko ya mutu, wanda hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce a riƙa yi aƙalla mako-mako. Amfanin rubuta kowane zagaye a littafi, da rana da sunan wanda ya yi da majiyyatan da aka yi wa aiki da kayan, ya fito fili a Tulsa ta jihar Oklahoma a 2013, inda aka nemi kimanin mutum 7,000 su je gwaji bayan an gano sakaci a wani asibitin haƙori, kuma aka tabbatar ciwon hanta nau'in C ya tsallaka daga majiyyaci zuwa wani. A garin kan iyaka, inda rabin aikin gano mutum shi ne lambar wayarsa, asibitin da bai ajiye irin wannan littafi ba ba shi da hanyar kiran kowa.

Ciko mai sinadarin makuri ma yana da nasa sharaɗi, tun da Ghana ta amince da Yarjejeniyar Minamata kan makuri a 2017, kuma gyaran da aka yi mata a 2022 ya nemi a guji amfani da shi ga yara 'yan ƙasa da shekara 15 da masu ciki da masu shayarwa.

Inshorar lafiya ta ƙasa, da aka kafa a 2003, tana biyan kuɗin cire haƙori da ciko mai sauƙi, amma jinkirin biya, wanda cibiyoyin lafiya suka daɗe suna kuka da shi, kan fara cin ledar nannaɗe kaya da man janareto kafin ya taɓa albashi. Idan kuma asibitin ya tsawwala farashi don cike giɓin, talaka zai koma wurin wanzami ko mai cire haƙori na ranar kasuwa, wanda kayansa ba sa ganin tururi kuma babu hukumar da ke da sunansa a rajista.