Tarihin Tunani a Kan Allah, Ruhi da Gaibu a Ƙasar Azbin

Azbin ita ce ƙasar duwatsu ta jihar Agadas a arewacin Nijar, tare da filayen hamada da ke yamma da ita, daga Ingal zuwa Arlit har Assamakka, tashar ƙarshe kafin a shiga Aljeriya. An fi sanin yankin da ayarin gishiri da ƙarfen yuraniyom da ƴan ci-rani. Amma yana da daɗaɗɗen tarihi na muhawara a kan yadda ɗan Adam zai san abin da ido ba ya gani, wato zatin Allah da ruhi da aljanu, da kuma wanda ke da ikon cewa sanin talaka ya isa ko bai isa ba.

Kafin zuwan rubutu

A shekarar 2000 ayarin Paul Sereno, masanin ƙasusuwan halittun da suka shuɗe, ya ci karo da maƙabartar Gobero a hamadar Tenere. An gano kaburbura kusan 200 na al'ummu biyu da suka zauna a bakin wani tafki lokacin da Sahara ke da ruwa da ciyawa. A ɗaya daga ciki an binne mace da yara biyu suna rungume da juna, kimanin shekara 5,300 da suka wuce, kuma ƙurar furen da aka samu a ramin ta nuna an shimfiɗa musu furanni. A Dabus, kan hanyar Agadas zuwa Arlit, akwai zanen raƙuman dawa biyu a jikin dutse, babban ya haura mita 5, da wani zare da ya sauko daga bakin kowanne zuwa ga wani ɗan ƙaramin mutum. Wasu masana sun ce igiyar kamu ce, wasu sun ce alamar alaƙa ce tsakanin mutum da ruhin dabba. Masu zanen ba su bar bayani ba. Abin da kaburburan suka tabbatar shi ne mutanen nan ba su ɗauki mamaci a matsayin abin yarwa ba.

Takedda da hujjar hankali

Lokacin da Ibn Battuta ya sauka a Takedda a 1353, ya tarar da gari mai arzikin tagulla, da alƙali da limami da malamai. Masu binciken kufai suna ganin Takedda ita ce Azelik ta yau, arewa da Ingal. A ƙarshen ƙarni na 15 Shaihu Muhammad al-Maghili, mutumin Tilimsan, ya zauna ya karantar a Takedda kafin ya wuce Kano wurin Sarki Muhammadu Rumfa, daga baya kuma Gawo wurin Askiya Muhammad. Cikin ɗalibansa akwai al-Aƙib al-Anusammani, ɗan ƙauyen Anu Samman da ke kusa, wanda ya yi karatu kuma wurin Imam Suyuɗi a Masar.

Maghili da Suyuɗi sun saɓa a kan ilimin manɗiƙi, wato ƙa'idojin kafa hujja. Suyuɗi ya hana karanta shi, yana ganinsa gadon Girkawa. Maghili ya kare shi, har suka yi musayar baitoci a kai, yana mai cewa a auna magana da gaskiyarta kafin a duba wanda ya faɗe ta. A makarantun Azbin da ƙasar Hausa ra'ayin Maghili ne ya yi rinjaye a fagen tauhidi, saboda littafin da ya zama ginshiƙi shi ne Ummul Barahin na Muhammad as-Sanusi, shi ma mutumin Tilimsan, wanda ya rasu a 1490. Littafin ya fara da raba hukuncin hankali gida uku: wajibi, mustahili, ja'izi. Sannan ya jero siffofi 20 da suka wajaba ga Allah, daga samuwa da rashin farko da wanzuwa da saɓa wa halittu, zuwa iko da nufi da sani da rayuwa da ji da gani da magana, kowace da hujjarta. Tushen hujjar shi ne duniya tana canzawa, abin da ke canzawa fararre ne, fararre kuwa dole yana da wanda ya fare shi. Almajiri a zauren ƙasa yana haddace wannan kafin gemu ya fito masa.

Sidi Mahmud

A ƙarni na 16 wani baƙo da ake kira Sidi Mahmud al-Bagdadi ya shigo duwatsun Azbin da wata hanyar dabam. Ya koyar da zikiri da halwa da azumi da ladabin almajiri ga shehinsa, a kan cewa zuciyar da aka wanke tana ɗanɗana kusancin Allah ta hanyar da hujjar baki ba ta kaiwa. Abzinawa makiyaya da malamansu suka bi shi. Malaman fadar Agadas suka tsorata da tasirinsa, suka zuga sarki, aka kashe shi a Agalanga, inda har yau ake ziyara. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace shi a Infaƙul Maisur, koyarwarsa kuma ta tsira a littafin da ake kira Ƙudwa, wanda H. T. Norris ya yi nazarinsa ya buga a 1990. A ƙarni na 20 Shaihu Musa Abatul, wanda ya rasu a 1959, ya farfaɗo da wannan gado a yankin Tabelot da sunan Halwatiyya, ya haɗa zikiri da noman lambu.

Malam Jibrilu da Shehu

Muhawara mafi nauyi ta zo a ƙarni na 18. Tun da can Sanusi ya tsananta cewa kowane baligi ya san Ubangijinsa da hujja, kada ya tsaya ga kwaikwayon iyaye. Wasu ɗalibai a ƙasar Hausa da kewayenta suka ja wannan magana har ta wuce iyaka. Sukan tare manomi ko makiyayi su tambaye shi siffofin Allah da hujjojinsu, in ya kasa su ce ba Musulmi ba ne, ba a cin yankansa, aurensa ma bai ɗauru ba. Ilimin da aka kafa don ƙarfafa imani ya koma sandar dukan talaka.

A wannan zamani ne Malam Jibrilu ɗan Umaru ya yi fice. Ya yi aikin hajji, ya sadu da Murtala az-Zabidi a Alƙahira, ya karantar a Agadas, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754, ya bi shi har can yana saurayi ya yi karatu a gabansa. Malam Jibrilu yana da nasa tsananin: yana ganin masu aikata manyan zunubai a fili sun fita daga Musulunci. Shehu bai taɓa daina girmama shi ba, amma ya rubuta ƙarara cewa a wannan mas'ala malaminsa ya saɓa wa Ahlus Sunna. Haka ya yi wa masu kafirta jama'a da ilimin kalam, wato sanin siffofin Allah da hujja. A Nasa'ihul Umma da Hisnul Afham da wasu rubuce-rubuce da dama ya kafa cewa wanda ya yi shahada ya yi salla Musulmi ne a hukuncin duniya, abin da ke cikin zuciya kuwa Allah kaɗai ya san shi, kuma tsohuwar da ta ga ikon Allah a ruwan sama da tsiron gero tana da hujjarta ko da ba ta iya tsara ta da harshen malamai.

Wannan matsayi na Shehu ya cancanci a riƙa tuna shi fiye da yadda ake yi. Ya yarda da hankali, ya karantar da littattafan Sanusi, ya riƙi ɗariƙar Ƙadiriyya, amma ya ƙi yarda wani ya mai da kansa mai leƙa zukatan mutane. Almajirin da ya iya saɓa wa malaminsa da ladabi a kan mas'alar da ta shafi jinin jama'a ya yi wa ƙasar hidima babba.

Mutanen daji

A gefen wannan karatu, rayuwar ruga da zango ta ci gaba da nata bayani. Abzinawa suna kiran aljanun kufai da wuraren da ba kowa Kel Essuf. Suna kama matafiyi shi kaɗai, da mai jego, da wanda kewa ta yi wa yawa. Susan Rasmussen, wadda ta zauna da Abzinawan Kel Ewey a gindin dutsen Bagzan ta kuma buga littafinta a 1995, ta bayyana yadda ake raba jinya: wasu aljanu na malamai ne, ana yi musu ayoyi da rubutun sha da laya, wasu kuma ba sa jin komai sai kiɗan tende. Ana ɗaure fata a bakin turmi, mata su yi da'ira suna waƙa da tafi da dare, majiyyaciya, wadda galibi mace ce, tana kaɗa kai har ta faɗi ta farfaɗo. Malamai ba sa son abin, amma ya zauna tare da su ƙarni bayan ƙarni. Bahaushe zai gane kamanninsa da bori, kamar yadda zai gane bambancin da yake yi tsakanin rai da kurwa da hayyaci.

Yaƙin da Kawusan ya jagoranci Abzinawa a kan Faransawa ya yi wa ilimin yankin mummunar illa. Bayan an kewaye barikin Faransawa a Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, sojojin mulkin mallaka sun rama a kan mutanen gari, suka kashe malamai da dama, garuruwan duwatsu suka watse, littattafai suka salwanta.

Arlit

A 1957 masu neman tagulla na Faransa suka gano yuraniyom a Azelik, kufan Takedda. An kafa kamfanin Somair a 1968, garin Arlit ya tashi a kan fako, haƙa ta kankama a 1971. Kominak ta bi baya a Akokan, kusa da Arlit, daga 1978 har aka rufe ta a Maris 2021. Ma'aikata suka zo daga Maraɗi da Damagaram da Tawa da Doso, kowa da malaminsa da ɗariƙarsa. Daga baya Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta yaɗu a Nijar, ta sake buɗe tsohuwar muhawara a kan siffofin Allah, a yi musu tawili ko a bar su yadda suka zo, da kuma ziyarar kaburbura da laya.

Garin Arlit ya kuma haɗu da wani ɓoyayyen abu na daban. Tururin yuraniyom ba shi da launi ko wari, yana ratsa jiki, cutarsa kan bayyana bayan shekaru. Almustafa Alhasan, ma'aikacin mahaƙa, ya kafa ƙungiyar Aghir in'Man bayan ya ga abokan aikinsa suna mutuwa da cututtukan da ba a yi musu bayani ba. A 2003 ya gayyato masu awo na CRIIRAD daga Faransa, suka samu gurɓatattun ƙarafa a kasuwa, irin waɗanda ake ƙera kayan gida da su. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna wani wuri a titin Akokan ta samu tururin ya ninka na al'ada kusan sau 500. Kamfanin haƙar ya yi jayayya da wasu sakamakon, amma jayayyar ta lambobi ce, ana iya komawa a sake awo. A nan kimiyya ta yi abin da ya dace da ita, kuma cewa ajali ne bai kamata ya hana a tambayi sababi ba. Sanusi kansa bai hana a lura da abin da aka saba gani yana biyo bayan wani abu ba, ya dai ce mai aikatawa na haƙiƙa Allah ne.

Batun ruhi da hayyaci bai miƙa wuya ga na'ura haka ba. Tun 1924 Hans Berger ya fara auna lantarkin ƙwaƙwalwar mutum, kuma da wannan awo aka tabbatar farfaɗiya, wadda aka daɗe ana jingina wa aljanu, rikicewar lantarkin ce, tana kuma jin magani. A 2006 Adrian Owen ya nuna cewa wata majiyyaciya da ake zaton ba ta san inda take ba tana jin umarni, ƙwaƙwalwarta tana amsawa. Amma dalilin da ya sa motsin jijiyoyi ke zama jin zafi ko kewa a cikin mutum, tambayar da David Chalmers ya fito da ita fili a 1995, har yau masana ba su daidaita a kai ba. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya riga ya kawo misalin mutumin da aka halitta yana shawagi a sarari, ba ya gani ba ya taɓa komai, amma ya san yana nan. Malaman Azbin kuwa sukan tsaya a aya ta 85 ta Suratul Isra'i, wadda ta mai da al'amarin ruhi ga Ubangiji ta kuma nuna ƙarancin ilimin da aka ba mutum.

A Assamakka tambayar ta zama ta yau da kullum. Ana sauke ƴan ci-ranin da aka koro daga Aljeriya a bakin iyaka, su taka kimanin kilomita 15 cikin rairayi kafin su iso gari. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da mutum 30,000 a 2024 kaɗai. Wasu suna isowa a firgice, ba barci, ba sa gane inda suke. Ma'aikacin lafiya zai ce ƙishirwa ce da raunin tashin hankali, majiyyaci ko ɗan garinsu ya ce gamo aka yi a daji. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sanya fita hayyaci da jin wani ya hau mutum cikin larurori, amma da sharaɗi: sai in abin ya zo ba da son mutum ba, yana cutar da shi, kuma ba ya cikin abin da addininsa ko al'adarsa suka saba da shi. Saboda haka likita a Arlit ko Assamakka ba zai iya yanke hukunci ba sai ya zauna ya tambayi majiyyaci da danginsa yadda su suke fahimtar abin da ya same shi.