Zaɓen Takunkumin Na'urar CPAP ga Masu Ɗaukewar Numfashi a Barci: Nazari kan Yanayin Madawa, Buza da Keita

Tsakure

Maƙalar ta yi bitar binciken da aka wallafa kan takunkumin da ake haɗawa da na'urar CPAP, sannan ta auna sakamakonsa da yanayin gundumomin Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa a Nijar. Matsayinta shi ne takunkumin hanci ya kamata a fara ba majiyyaci, kuma bushewar baki a lokacin hunturu ba hujja ba ce ta komawa ga mai rufe hanci da baki, sai an fara gyara hancin. An kuma duba yadda zafi, ƙura, ruwa da ɗaukewar wuta ke shafar zaɓen.

Cutar da maganinta

Idan mutum ya yi barci, tsokokin maƙogwaro sukan saki. Ga wasu, sakin yakan kai ga hanyar iska ta rufe, kamar dai tiyon injin ban ruwa na masu albasa da ke shafewa idan injin ya ja da ƙarfi. Ƙirji yana ta kokawa, iska ba ta wucewa, iskar da ke cikin jini ta ragu, sai ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum na ɗan lokacin da ba zai ma tuna ba. Likitocin barci suna ƙirga tsayawar da ta kai daƙiƙa 10 ko fiye. Daga 5 zuwa 15 a awa guda cutar mai sauƙi ce, daga 15 zuwa 30 matsakaiciya, sama da 30 mai tsanani. Benjafield da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2019 cewa mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke da ita a duniya, miliyan 425 daga cikinsu a matakin matsakaici ko mai tsanani.

A gidajenmu ba mai cutar ne ke fara gane ta ba. Matarsa ce za ta ce: "Malam yana cikin minshari sai ya yi tsit, sai na taɓa shi ya ja numfashi." Shi kuwa abin da zai kawo asibiti shi ne ciwon kai da safe, gyangyaɗi a majalisa, yawan tashi fitsari, ko hawan jinin da ya ƙi jin magani. Gyangyaɗin ba ƙaramin abu ba ne a yankin da babbar hanya mai lamba 1 ta ratsa, inda manyan motocin albasa ke kwana suna tafiya. Binciken Terán-Santos a Sifen, wanda ya fito a 1999, ya gano cewa direban da numfashinsa ke tsayawa sau 10 ko fiye a awa ya ninka sauran kusan sau shida wajen yiwuwar haɗarin mota.

Colin Sullivan ne ya bayyana maganin a Sidni ta Ostareliya a 1981: na'urar CPAP, mai tura iska ta tiyo zuwa hanci, da ƙarfin da yawanci yake tsakanin santimita 4 zuwa 20 na ruwa, domin maƙogwaro ya zauna a buɗe. Na'urar tana aiki tun daren farko. Matsalar ita ce mutane ba sa jure ta. Ma'aunin da aka saba amfani da shi shi ne awa 4 a dare, a kashi 70 cikin 100 na darare, kuma Weaver da Grunstein sun nuna a 2008 cewa tsakanin kashi 46 zuwa 83 cikin 100 na majiyyata ba sa cika awa huɗun. A babban gwajin SAVE na 2016, mai mutum sama da 2,700, matsakaicin amfani awa 3.3 ne kacal, kuma ba a ga raguwar bugun zuciya da shanyewar jiki ba. Masana da dama sun danganta wannan sakamakon da ƙarancin sa'o'in. Abin da ke taɓa fatar majiyyaci duk dare kuwa shi ne takunkumi, don haka daga nan jurewar take farawa ko take ƙarewa.

Abin da bincike ya nuna game da nau'o'in takunkumi

Nau'i uku ne suka fi yawa: mai rufe hanci kaɗai, mai ƙananan matasai biyu da ke zama a ƙofar hanci, da mai rufe hanci da baki gaba ɗaya. Mai sayarwa da mai saye sukan karkata ga na ukun, don a ido ya fi kama da cikakken magani, kuma kusan duk mai minshari yana ganin kansa mai numfashi da baki. Alƙaluma ba su goyi bayan wannan ba. Andrade da abokan aikinsa sun haɗa sakamakon bincike da dama a 2018, suka ga cewa mai rufe hanci da baki yana buƙatar iska mai ƙarfi fiye da na hanci, yana barin ragowar tsayawar numfashi mafi yawa, kuma masu shi sun fi saurin cire shi. Dalilin a fili yake: igiyarsa ta ƙasa tana tura haɓa baya, iskar da ta shiga ta baki kuma tana iya tura harshe zuwa inda ake son buɗewa. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar a 2019 sun fifita fara amfani da na hanci.

Akwai dalili na biyu da ya fi shafar mutanenmu. Gemu yana hana roba kama fata, kuma mai rufe baki dole gefensa ya bi ta kan gemun. Ba likitan da zai ce wa dattijo a Buza ya aske gemunsa ya ga amfanin maganarsa. Mai matasai biyu ya kauce wa wannan gaba ɗaya, in dai an rage gashin baki. Haka tsohon da haƙoransa suka zube, kumatunsa sun faɗa, babban takunkumi ba ya samun inda zai dafa.

Hunturu da hancin Ba'adare

Nan ne maganar ta fi nauyi. Daga Nuwamba zuwa wajejen Maris iskar arewa maso gabas tana kaɗawa a wannan yanki na Adar da ƙura da bushewa. Ƙarfinta ne ya sa tun 1975 ma'aikatar gandun daji da ƙungiyar CARE suka fara dasa layukan bedi a kwarin Majiya na gundumar Buza. A irin wannan lokaci hanci yakan toshe, ya tsage, wasu har haɓo suke yi. Majiyyacin da ya sa takunkumin hanci a wannan hali zai buɗe baki cikin barci ba da saninsa ba.

Abin da ke biyo baya an auna shi. Richards da abokan aikinsa sun nuna a 1996 cewa idan iska ta shiga ta hanci ta fice ta baki, hancin yana ƙara toshewa. A numfashi na yau da kullum, iskar da ke fita tana mayar wa hanci da danshi da ɗumin da ta ɗauka. Idan ta zama hanya ɗaya, shiga kawai babu dawowa, fatar cikin hanci takan bushe ta kumbura. Kumburin ya ƙara toshewa, toshewar ta ƙara buɗe baki. Majiyyaci ya farka da asuba harshensa kamar busasshiyar fata, ya yanke hukunci cewa takunkumin ne bai dace da shi ba. Binciken ya kuma nuna cewa jiƙa iskar da tururin ruwan ɗumi yana hana wannan kumburin.

Saboda haka tsarin da wannan maƙala ke ganin ya dace shi ne a fara da hanci. A wanke shi da ruwan gishiri mai tsabta kafin kwanciya, a duba ko akwai karkacewar ƙashin tsakiya ko tsiro, a ba da maganin fesawa idan likita ya ga alamar borin jini, a kunna tukunyar danshi ta na'urar, a gwada igiyar ɗaure haɓa. Sai duk wannan ya gaza a koma ga mai rufe baki, kuma a sake auna ƙarfin iskar, don wanda aka saita da na hanci ba lallai ya isa ba. Mai matasai biyu, duk da sauƙinsa a lokacin zafi, yana harba iska kai tsaye cikin ƙofar hanci, kuma a hunturu wasu sukan ji yana yi musu zafi. Ga mai hali, mallakar nau'i biyu na hanci, ɗaya na bazara ɗaya na hunturu, ba almubazzaranci ba ne.

Wani kuskure da ya kamata a tare tun a asibiti shi ne na man shafawa. Da sanyi ya shigo kowa yana shafa basilin ko man kaɗanya a fuska da cikin hanci. Mai yana sa takunkumi zamewa, kuma na fetur yana lalata robar silikon. Da ya fara zamewa sai majiyyaci ya ƙara tamke igiya, robar ta lanƙwashe, iska ta ƙara tsiyaya zuwa ido, doron hanci ya yi gyambo. Ana gwada takunkumi ne mutum yana kwance, na'ura tana aiki, a tamke daidai yadda yatsa zai iya shiga ƙarƙashin igiyar.

Wuta, ruwa da wurin kwana

Kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a Nijar, kuma a karkara abin bai kai haka ba. Ko a garuruwan da layin kamfanin wutar lantarki na NIGELEC ya kai, yankin ya daɗe yana dogaro da wutar Najeriya, abin da aka ji a jika lokacin da aka katse ta a Agustan 2023 har zuwa Maris na 2024. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, da rana take bayarwa, majiyyaci kuwa da dare yake buƙata. Wannan ya shafi zaɓen takunkumi ta fuska biyu. Idan wuta ta ɗauke, mai takunkumin hanci buɗe baki kawai zai yi. Mai rufe hanci da baki ya dogara ne da wani ƙaramin marfi da ke buɗewa da kansa idan iska ta tsaya, kuma dole a duba cewa ƙura ba ta manne shi ba. Na biyu, tukunyar danshi tana ninka wutar da na'urar ke ci, har batirin sola da zai kai mutum asuba ya mutu da tsakar dare. Wato maganin bushewar hancin shi ne abin da ya fi cin batir, kuma dole a yi wannan lissafin kafin a sayi batirin.

Ƙasar Adar tana da dutsen farar ƙasa, wanda a kansa masana'antar siminti ta Malbaza ta kafu, kuma ruwa mai irin wannan ma'adini yana barin farin ɓawo a tukunyar. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta cire ma'adinin gaba ɗaya. Tataccen ruwa na kantin magani ya fi. Kada a saya wurin masu gyaran batir, inda ake ajiye shi kusa da ruwan asid a kwalabe iri ɗaya.

A Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, mutane a tsakar gida suke kwana kan tabarma. Na'urar da aka ajiye a ƙasa ƙura take zuƙa, don haka a ɗora ta kan kujera a riƙa duba matatarta. Da damina tiyon da aka zura ta ƙarƙashin gidan sauro yana buɗe wa sauro ƙofa idan ba a soke gefen sosai ba. Da hunturu kuma mutum yakan lulluɓe har kansa. Ƙananan ramukan da ke gaban takunkumi ta nan gurɓatacciyar iska ke fita, kuma bai kamata bargo ya rufe su ba, balle a liƙe su da salatif da sunan toshe yoyo.

Yankin Tawa ya shahara da ƴan cirani, kuma kayan asibiti da ba a samu a kasuwar gida sukan zo ta hannun ɗa ko ƙane da ke Abijan, Legas ko Aljeriya. Takunkumin da aka saya daga nesa ba a gwada shi a fuskar mai shi ba, robarsa kuma ƴan watanni take yi ta saki. Gara a zaɓi samfurin da ake samun robarsa a Yamai, Maraɗi, Sakkwato ko Kano, a kuma aiko da girma biyu ko uku. Mai karɓar na'urar gwanjo ya duba lambarta, domin a Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urori saboda soson rage ƙara da ke rududdugewa, kuma zafi da danshi suna hanzarta hakan. Wasu takunkuman kuma da maganaɗisu ake ɗaure su, waɗannan ba su dace da mai na'urar daidaita bugun zuciya ba, ko wanda ke kwana kusa da shi.

Tambayar beli

Saura batu ɗaya da ya cancanci a auna shi a wannan yanki. Cire beli a hannun wanzami al'ada ce da ta yaɗu a ƙasar Hausa, kuma Prual da abokan aikinsa sun rubuta a kanta a Nijar a 1994. A ɗaya ɓangaren, Mortimore da abokan aikinsa sun nuna a 1996 cewa waɗanda aka yi wa tiyatar rage ganɗa da beli saboda minshari sun fi saurin zubar da iska ta baki idan aka sa musu takunkumin hanci. Abubuwan biyu ba ɗaya ba ne, don likitan tiyata yana yanke sashen ganɗa mai laushi, wanzami kuwa belin yake nufa, ko da yake askarsa takan zarce. Gwajin da zai nuna ko cire beli yana da irin wannan tasirin ba shi da tsada. Ma'aikacin lafiya a asibitin gunduma zai leƙa maƙogwaron majiyyaci ya rubuta ko belin yana nan da kuma tabon da ya rage, na'urorin zamani kuma da kansu suke adana adadin iskar da ta tsiyaya kowane dare a katin ajiya. Sai a kwatanta rukunin biyu, masu beli da marasa shi, sau ɗaya a Janairu sau ɗaya a Agusta, domin a raba tasirin belin da na hunturu.