Wuƙar Baduku da Injin Bature: Yadda Ake Fere Bakin Fata

Kafin mu fara, ɗan'uwa duba bel ɗin da ke ƙugunka, daidai inda fatar ta naɗe ƙarfen nan. Idan na kirki ne za ka ga wurin ya kwanta lif, bai yi tudu ba, alhali fata biyu ce a haɗe. To, wani ne ya zauna ya fere cikin fatar har kaurinta ya ragu kusan rabi kafin ya ninka. Tarihin wannan ɗan aikin ne hirarmu ta yau.

Sana'ar fata a ƙasar Hausa hannu biyu ce. Majemi shi ke cire gashi ya jeme fata da bagaruwa. Daga nan sai baduku ya karɓa, ya rina ja da karan dafi ko baƙi da kuloko, ya yanka, ya ɗinka da basilla. Fira aikin baduku ce. Yakan kifa fatar a kan abu mai santsi, ya kwantar da wuƙa sosai kamar mai aski, ya riƙa ɗebe cikin da kaɗan kaɗan yana gangarowa baki. Wuƙar kuwa kullum tana kan dutsen washi, don dakusasshiya jan fata take yi, ba ta yanka. Hannu ya ɗan karkace, ka huda fuskar fatar, shi ke nan an yi asara. Kube, gafaka, laya, kayan doki, duk inda ka ga baki ya ninku siriri, an bi ta nan.

Kuma ba ƙaramar kasuwa ba ce. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya lissafa takalma da jemammiyar fata cikin manyan kayan da birnin ke fitarwa. Ayari na ɗaukarsu ta Ghat da Ghadames har Tarabulus. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ma haka ta isa Turai, inda ta shiga cikin abin da suke kira fatar Maroko, suna rufe littattafai da ita. Sunanmu dai bai bi ta ba.

Su kuma can sai suka mayar da wuƙar inji. A farkon ƙarni na 19 wani Ba'amurke, Samuel Parker, ya ƙera injin tsaga fata. Ku lura, tsagawa daban, fira daban. Tsagawa ita ce a raba kaurin ƙirgi gaba ɗaya gida biyu, na sama mai fuska da ƙwari, na ƙasa mai laushi da araha. Shi ya sa wani bel ɗin kasuwa wata uku ya fara ɓarewa: na ƙasan ne aka shafa wa roba. Ni ma an taɓa yi min, ban faɗa wa kowa ba sai yau. A 1903 kuma kamfanin Fortuna na Jamus ya fito da injin fere baki, mai wuƙa kamar kofi tana juyawa. Abin da baduku zai daɗe a kai, injin ya gama kafin ka ƙifta ido, kuma kauri ɗaya ne daga farko har ƙarshe.

Nan ne labarin ya juya mana. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka buɗe sayen fata da ƙirgi, amma ɗanye suke so. Garin da ya saba fitar da takalmi ya koma fitar da abin yin takalmi. Daga baya an samu manyan majemu na zamani a Bompai, Sharaɗa da Chalawa, ga cibiyar binciken fata a Zariya, sai dai yawancin abin da ke fita fata ce da za a ƙarasa a Italiya ko Sifen. Ƙirgin shanu kuma da yawansa tukunya yake faɗawa, ganda kenan.

A ganina ba gwaninta muka rasa ba. Ka shiga Ƙofar Wambai ka ga hannu. Amma mai odar bel 500 kauri ɗaya yake nema, kuma ranar Juma'a yake so. Baduku mai wuƙa ɗaya da yara biyu, ko kwana zai yi a zaune, ba zai cika ba, sai odar ta wuce Aba ko Sin.