Majusawa Bayan Faɗuwar Daular Farisa

Majusawa su ne mabiya addinin Zaradusht, masu bauta wa Ahura Mazda, littafinsu kuwa Abesta. Sunansu ya zo a Suratul Hajji, kuma Salmanul Farisi a gidan Majusawa ya tashi, yana kula da wutar ibada kafin ya bar gida. Addinin shi ne na hukuma a daular Sasaniyawa daga 224 zuwa 651, shekarar da aka kashe sarkinta na ƙarshe, Yazdajird na Uku, a Marwa, bayan karayar rundunarsa a Ƙadisiyya da Nahawand. A yau duk duniya ba su wuce dubu 200 ba, kuma tarihinsu na nuna cewa katangar da ta tsare su fiye da shekara dubu ita ce ke rage su yanzu.

Farisa ba ta musulunta rana ɗaya ba, sai da aka ɗauki ƙarnoni. Halifa Umar ya karɓi jiziya daga Majusawa bayan Abdurrahman ɗan Aufu ya shaida cewa Annabi (SAW) ya karɓa daga Majusawan Hajar, wannan ya ba su gurbi a shari'a, ko da yake zaman ƙasƙanci suka yi ta yi a zamunna da dama. Waɗanda suka riƙe addinin sun taƙure a Yazd da Kirman. Lokacin da wani Bamajushe mai suna Manekji Hatariya ya iso daga Bombay ta Indiya a 1854 ya tarar ba su kai dubu goma ba, talauci ya ci ƙarfinsu, kuma fafutukarsa ce ta sa sarkin Iran Nasiruddin Shah ya soke musu jiziya a 1882. Yanzu tsarin mulkin Iran ya amince da su, suna da kujera ɗaya a majalisa, ƙidayar 2011 ta ba su mutum 25,271. Wani ayarin kuma ya bi teku zuwa Gujarat ta Indiya tsakanin ƙarni na 8 da na 10, su ne ake kira Parsi. A zamanin Ingilishi suka bunƙasa a Bombay: daga cikinsu iyalan Tata suka fito, haka Dadabhai Naoroji da ya shiga majalisar Birtaniya a 1892.

A Indiyar ne, inda suka sami arziki da daraja, raguwar ta fi ban tsoro: kusan 114,000 a ƙidayar 1941, kafin raba ƙasar, 69,601 a 2001, sannan 57,264 a 2011. Ɗan Parsi yana shiga addini ne da bikin nabjot, inda limami zai sa masa farar riga, ya ɗaura masa igiyar gashin tunkiya mai zare 72, a kewaye ƙugu sau uku. Rigimar da ke tsakaninsu duka tana kan wanda ya cancanci a ɗaura wa igiyar nan. A 1908 Babbar Kotun Bombay ta saurari ƙara a kan Bafaransiyar da ta auri ɗan gidan Tata ta karɓi addinin, aka yanke cewa wanda ya shigo daga waje ba shi da haƙƙi a ɗakunan wuta da waƙafin al'umma. Tun daga nan al'adar ta ƙara kafuwa: 'ya'yan namijin da ya auri bare ana karɓarsu, na macen da ta auri bare kuwa yawancin limamai ba sa karɓa.

Wani zai ce ƙarancin haihuwa ne asalin matsalar, auren bare abu ne kaɗan. Akwai gaskiya a nan, domin matsakaicin haihuwar matan Parsi bai kai ɗa ɗaya ba, mace-mace sun fi haihuwa nesa ba kusa ba. Amma al'ummar da ta ce sai na gida za a aura, alhali na gidan sun watsu daga Mumbai (Bombay ta dā) zuwa Landan da Toronto, dole a sami masu jinkirta aure da masu tsufa ba su yi ba. Shirin Jiyo Parsi da gwamnatin Indiya ta fara a 2013, tana biyan kuɗin maganin haihuwa, ɗaruruwan jarirai kawai ya samar.

Masu ra'ayin riƙau kuma suna cewa in aka buɗe ƙofa za su narke cikin mutum fiye da biliyan ɗaya. Tsoron nan ba na banza ba ne, tsantsenin ne ya kawo su yau. Sai dai ba gaskiya ba ne cewa al'adarsu ba ta taɓa sauyawa ba. Misali, domin gudun gurɓata ƙasa da wuta, a al'ada sukan ajiye gawa a hasumiyar da ake kira dakma, ungulaye su cinye. Majusawan Iran sun bar wannan tun wajen shekarun 1970, suna binnewa a kabarin da aka shafe da siminti. A Indiya maganin shanu dikulofenak ya hallaka sama da kashi 95 cikin ɗari na ungulaye kafin a hana ba dabbobi shi a 2006, sai aka kafa madubai masu tara zafin rana a hasumiyoyin Malabar Hill da ke Mumbai, a 2015 kuma wasu 'yan Parsi suka buɗe zauren addu'a kusa da wurin ƙona gawa a unguwar Worli ta Mumbai.